Dutsen da Datti Ya Kawo daga Saliyo

Shekara shida Datti ya yi a ramukan Saliyo, ruwa iya ƙugu, ya dawo unguwarsu Kawo ba adaka ba ko turmin atamfa, sai ƙwayar lu'ulu'u ɗaya tak ɗinke cikin laya. Guminsa ke nan kakaf. Da ita yake son sayen motar kaya, ya huta.

Ɗokin nunawa ne ya ja masa. Ya tarar da wansa Tanko a garejin Irmiya mai walda, ya buɗe masa tafin hannu. Irmiya na kan aiki, sanye da baƙin gilashi, yana ta faɗa, "Ku daina kallon wutar nan!" Wa ya ji? Walda na haskawa, dutsen ya ɗau shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Wuta ta mutu, ya koma fari tas.

"Sake!" in ji Tanko. Ya tsuguna dab da wutar, ido kuri, sai sake-sake yake cewa.

Da gari ya waye Tanko ya tashi yana kururuwa, idanu jawur, sun ƙi buɗuwa. Matarsa Hansai ta fito ba ko mayafi, hannu biyu a ka.

"Jama'a! Dutsen aljanu ya makanta min miji!"

Kafin Datti ya ce uffan an yi masa rubdugu. Wani ya sauke masa taɓarya a haƙarƙari, wani ya ɗibge shi da icen girki har haƙori biyu suka zube. Aka tsinke layar daga wuyansa, aka ja shi ƙiii cikin taɓo zuwa maƙerar Sulaiman. Mutanen da jiya-jiya suke masa barka da zuwa!

Irmiya ya sheƙo a guje. "Ciwon walda ne, kwana biyu zai ware! Dutsen bai da laifi, akwai irin da ke shuɗi haka!"

"Kai da kake cikin wutar kullum, ka makance?" in ji wani. Aka kwashe shi da mari.

Sulaiman ya ɗora ƙwayar a kan uwar maƙera. "Lu'ulu'un gaske ya fi ƙarfin guduma. In ya fashe, tsafi ne."

Ƙarya ce, kuma Datti ya sani, ya sha ganin suna darewa. "Sulaiman, don girman Allah, kada ka buga!" Jini ya cika masa baki, maganar ba ta fita ba.

Duka ɗaya. Shekara shida suka watse cikin toka da gawayi.

Ran kwana na uku Tanko ya shigo ɗakin da Datti ke kwance ɗaure da karan ɗori, idanunsa garau, yana fara'a.

"Ka ga ikon Allah, ƙanena? Ana fasa shi na warke. Ai sai ka je ka yi wa Sulaiman godiya."