Shago Ɗaya, Ƙofa Biyu

Tsohon nan ya sake dawowa. Yana tsaye a tsallaken titi, kusa da mai facin taya, da waya a hannu: ya dubi wayar, ya ɗago ya dubi ƙofar shagonta, ya dubi ta maƙwabcinta, ya sake sunkuyawa. Yaya tana kallonsa ta tsakanin kawunan kekunan ɗinkin da ke jere a taga. Ba ta son mutumin da zai ƙare wa shago kallo bai shigo ba. Mai haraji shigowa yake yi, ɓarawo kuma ba ya tsayawa a rana. Wannan aiko shi aka yi, kuma ba sai an gaya mata wanda ya aiko shi ba.

Kowa a layin Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, domin haka ƙanenta yake kiranta tun suna wasa a ƙarƙashin teburin mahaifinsu. Ƙanen nan, Auta, shi ne maƙwabcin. Da can shagon ɗaya ne, na gyaran keken ɗinki, su biyu suka gada. Wata rana ta ji shi da kunnenta yana ce wa wani tela, "Ai ita taimaka mini take yi." Ita da ta koya masa zura zare a allura! Washegari ta kira kafinta ya raba shagon da katako daga ƙasa har rufi, aka fasa ƙofa ta biyu. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Sai dai katako bai raba tunanin mutane ba. Baƙo zai leƙo, ya gan ta da baƙin mai har gwiwar hannu, ya tambaya, "Ina mai gyaran?" Kafin ta goge hannu ya shige ƙofa ta gaba. Wannan tambaya ta fi zagi yi mata ciwo.

'Yarta ce ta kawo shawarar shafin intanet. Ta ɗauki hotuna, ta rubuta bayani, sannan ta nuna mata wani kundi da ke jera shafukan masu sana'a rukuni-rukuni. Makarantun koyon ɗinki da ƙananan masana'antu nan suke duba mai gyara, in ji ta. Ba a biyan ko sisi. Masu aikin sa-kai ne ke duba kowane shafi da idonsu, in ya yi musu su ba shi layi ɗaya: sunan shago, da abin da yake yi.

"Ba a biya?" in ji Yaya. "To su me suke ci?"

"Sha'awa ce kawai, Mama."

Yaya ta taɓe baki. Ta kai shekarun da ta san mutum ba ya zama yana tantance kayan wasu don sha'awa. Duk da haka ta ce a tura, domin layin nan ɗaya ya shiga ranta. Tana son ta ga an rubuta a wani wuri, da hannun wanda bai san ta ba, cewa akwai shago nata, na kanta.

Aka tura, shiru kake ji. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Kullum da safe sai ta sa tabarau ta buɗe rukunin masu gyaran keke, ta ga mutum biyar ɗin nan dai, har da wanda ya rufe shago tun bara. Ana cikin haka mai facin taya ya tsegunta mata cewa Auta ma ya yi shafi, kuma ya tura. Nan take komai ya zauna mata daram. Auta ya san wani a ciki. Ko abokin kallon ƙwallonsa, ko dangin matarsa, waɗanda ba su da aiki sai sanin mutane. An danne nata ana jiran a sa nasa. Da ta lura nasa ɗin ma bai fito ba, sai ta ce dabara ce, don kada a gane.

Ranar da tsohon ya tsallako titi, yana rungume da kan keke a cikin tsohon bargo.

"Salamu alaikum. Ke ce mai gyaran?"

Tambayar ta zo daidai, shi ya sa ta ƙara tsarguwa. Wanda bai san ta ba ba ya fara da haka.

"Ni ce, Baba. Ajiye a nan."

"Na matata ne. Tsallake ɗinki yake yi."

Ta juya keken, ta saurari ƙararsa, ta kwantar da shi ta leƙa ƙasa. Saitin gidan zaren ne ya goce. Tana aiki tana satar kallonsa, shi kuma idonsa bai bar ko'ina ba: hoton mahaifinsu a bango, gwangwanayen sukurori, katakon da ya raba shagon, sannan ya tsaya a kan hannunta na hagu, inda tabon ƙuna ya kwanta daga babban yatsa zuwa wuyan hannu. Ta ja hannun riga ta rufe.

Sukurun da ke riƙe da gidan zaren yana can cikin lungu, ba abin da ke kai masa sai wata 'yar sukurdireba da mahaifinsu ya lanƙwasa da kansa. Guda ɗaya ce a duniya. Ba tare da ta yi tunani ba, Yaya ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa katakon. Daga can aka ji motsi, sai wata durowa ta turo kai daga cikin bangon, da sukurdirebar a kwance a ciki. Kabad ɗin kayan aikin mahaifinsu ne. Da aka zo rabo ya ƙi rabuwa, sai kafinta ya bar shi a tsakiyar bango, ya cire bayan durowar, ta zama a ja ta nan ta fito, a ja ta can ta koma. Haka suke miƙa wa juna kaya shekara da shekaru, baki a rufe.

Tsohon ya yi wani dogon numfashi, irin na wanda ya kama ɓera da hannu.

"Na faɗa," in ji shi. "Shago ɗaya ne."

Yaya ta ajiye sukurdirebar. "Baba, kai wane ne? Wa ya turo ka?"

"Ba wanda ya turo ni, 'yata. Rukunin masu gyara a kundin nan, ni nake duba shi. Da can rarraba wasiƙu nake yi a gidan waya, da na ajiye aiki sai na ga zama zai kashe ni."

"Ashe kai ne ka danne mini shafi."

"Ajiye shi na yi, ban danne ba." Ya fito da wayar ya juya mata. "Duba. Shafi biyu, lambar gida ɗaya. Hoton wannan dattijon a nan, ga shi a can. Dokarmu, shago ɗaya layi ɗaya. Kin san yawan masu yi mana wannan wayon? Mutum ɗaya ya buɗe shafi uku, ya canza launi, ya cika rukuni shi kaɗai. Na ce sai na gani da idona."

"Ni da wancan ko magana ba ma yi!"

"Haka duk suke cewa." Ya ja hoton ya ƙara masa girma. "To wannan hannun fa? A shafinki yana gyaran keke. Ga shi kuma a nasa."

Ta karɓi wayar. Ba ta taɓa buɗe shafin Auta ba, don kada ta ƙara masa yawan masu kallo. Ga hannunta nan da tabonsa, yana riƙe da allura, a tsohon hoto tun kafin katako. A ƙarƙashi an rubuta: aikin gwani. Wato ko a intanet ma da hannunta yake cin abinci.

"Sata ce," ta ce. "Ka sa nawa, ka watsar da nasa."

"Shi ma jiya da na kai masa wannan keken haka ya so ya ce, sai ya fasa. Ya ce mini saiti ba aikinsa ba ne, in kawo miki." Tsohon ya gyara zama. "Ni ba alƙali ba ne. In shago ɗaya ne, ku zaɓi shafi ɗaya ku gaya mini. In kuwa biyu ne da gaske, in na dawo ɗaukar keken in tarar an toshe wannan durowar, kowa da kayan aikinsa. Sai in ba kowa layinsa."

Ya fita yana waiwayen bangon, alamar har yanzu bai gama yarda da su ba.

Yaya ba ta ɓata lokaci ba. Ta ɗauko guduma, ta zaɓi ƙusoshi masu tsawo. Sukurdirebar tana wajenta, kuma a wajenta za ta zauna. Shi ya riƙe abin da ya rage a can. Ta tura durowar ta daidaita ta da bango, ta kafa ƙusa ta farko, ta ɗaga guduma. Sai ta ji an riƙe durowar daga ɗaya gefen.

"Yaya."

Muryar ta yi kauri fiye da yadda ta san ta. Ashe har murya tsufa take yi a bayan katako.

"Ke kika turo tsohon nan?"

"Ni? Ni zan tambaye ka!"

"Wallahi na ɗauka mutuminki ne. Wata nawa ina cewa kin sa an danne mini shafi."

Gudumar ta tsaya a sama. Haushi ya kama ta, ganin cewa ko zargin ma ba nata ba ne ita kaɗai.

"Saki durowar," ta ce.

"Kada ki buga. Ki ce masa ya sa naki. Zan sauke nawa yau."

"Me kake so?"

"Ba komai. Duk keken da ya gagare ni, ai ta ƙofarki nake turo mai shi. Kin ɗauka su waye ke aiko miki masu wuyar?"

Ta tsaya da ƙusa tsakanin yatsu tana juya maganar, ta duba ta sama, ta kwantar da ita ta leƙa ƙasa, kamar yadda take yi wa keken da aka ce lafiyarsa ƙalau. Dole akwai inda ya goce. Wataƙila shagon yake so a haɗe don ya sayar. Wataƙila matarsa ce ta kitsa masa. Ta bi kowace hanya har ƙarshenta, ba ta tarar da komai ba, kuma wannan ya tsorata ta fiye da duk abin da ta yi zato.

"Yaya? Kina ji na?"

"Ina ji," ta ce. Ta sauke gudumar, amma ba ta ajiye ta ba. "Sake faɗa, a hankali. Ban gane inda ka ɓoye abin ba tukuna."