Kujerar Mutum Ɗaya

Tun da Yaƙubu ya sayi tsohuwar Fijo ɗinsa mai dogon baya, gaban motar nan namu ne, ni da Mahamud. Duk ranar kasuwar Madawa mukan taso daga Deule mu uku a gaba: Yaƙubu a sitiyari, Mahamud mai tabarmi a bakin taga da dogayen ƙafafunsa, ni Gado mai walda a matse tsakaninsu. Ko yaushe aka sauya giya sai ta bugi gwiwata. Na sha zagin kujerar nan, ban ɓoye ba. Soso ya ƙare, wayoyi suna cin mutum ta cikin wando.

Ran nan sai ga Yaƙubu a ƙofar rumfata da kaya a bayan mota. Ya je Ƙonni wajen masu farke matattun motoci, ya samo kujerun gaba biyu na wata Toyota da ta yi hatsari, da faffaɗan madubi na ciki. Kujeru masu laushi, har da matashin kai. Ina shafa su ina yabo, sai hannuna ya tsaya. Kujerar fasinja ta mutum ɗaya ce.

"Yaƙubu, wagga wa za ya zamna bisanta?"

"Kai dai ɗaura muna, Gado. Zance ya biyo baya."

Ban so wannan amsa ba. Mahamud abokin kirki ne, amma ni na riga shi sanin Yaƙubu. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka je cirani. Mahamud daga baya ya shigo, da bakinsa mai daɗin labari. Kishinsa nake ji, kuma na daɗe ina ji.

Muka ciro tsohuwar kujera. Da na gwada sabuwar, ƙarafan da take zamewa a kai ba su hau ramukan Fijo ba, sun fi su faɗi. Dabara ɗaya ce: a yanke su, a yi mata ƙafafu da ƙarfen kwana, a liƙe ta wuri guda. Ba gaba, ba baya. Ke nan sai an auna ta da ƙafafun wani.

Ana cikin haka Mahamud ya iso. Bai tambayi kowa ba ya faɗa kan kujerar, ya tura ta can baya, ya miƙe ƙafa ya lumshe ido kamar alhaji mai ba direbansa umarni.

"Shohwer, kai ni Yamai!"

Yaƙubu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba. Da Mahamud ya sauka, na hau, na jawo ta gaba har gajerun ƙafafuna suka taka ƙasa daidai, na sa alli na yi alama. A gaban idonsu na kunna wuta na liƙe ta nan, na bi kowace ƙafa sau biyu don kada wani ya yi tunanin gyara.

Mahamud ya sake gwadawa. Gwiwoyinsa suka tokare gaban motar, ƙofa ma ta ƙi rufuwa. Ya fito yana murza ƙafa, ya dube ni.

"To, Gado, ka auna da kyau. Allah shi sa alheri."

Yaƙubu ya ɗauki madubin ya shiga ɗaurawa da kansa.

Ranar kasuwa na sa sabuwar riga na hau kujerata. Mahamud ya shiga baya, daidai ƙeyar Yaƙubu, cikin mata masu kai kuka da kuɓewa. Daɗi ya kama ni, ba zan yi ƙarya ba. Har muka wuce Buza ina jingine kamar wanda aka aiko wa mota.

Sai Mahamud ya fara labari. Ya sunkuyo yana zuba wa Yaƙubu a kunnen hagu, Yaƙubu yana kallonsa ta sabon madubi yana ƙyalƙyatawa. Iskar taga tana kwashe maganar kafin ta iso ni. Na juya, matashin kai ya tare mini ido. Na so in ja baya kaɗan, na tuna wanda ya liƙe kujerar.

"Mi ya ce?" na tambaya.

"Wai awakin..." Dariya ta sake ƙwace wa Yaƙubu. "Bari, Gado, in munka sauka ni hwaɗa maka."

A da babu maganar da za ta tashi daga ɗaya zuwa ɗaya ba ta bi ta kaina ba. Ni nake ƙara mata gishiri, ni nake raba gardama, goro ma ta hannuna yake wucewa. Yanzu ina gani Mahamud ya ɓare goro ya miƙa ta kan kafaɗar Yaƙubu, Yaƙubu ya karɓa ko waigowa bai yi ba.

Da muka sauka a tashar Madawa, bayana ko ciwo babu. Yaƙubu ya buga rufin motar ya ce, "Yaya kujera, Gado?"

Na ce lafiya lau. Na ɗan tsaya ko zai tuna labarin awakin, amma har sun juya su biyu suna kwance igiyar tabarmi.