Ƙusar Auta

Aikina karya ƙusoshi ne, kuma albashi ake biyana a kai. A ɗakin gwaje-gwajenmu akwai kwalabe jere cikin akwati mai ɗumin jikin mutum, kowace da ruwan gishiri da ƙusa guda ta maganiziyam, wani ma'adini mara nauyi, da aka cakuɗa da garin sinadarin ƙashi. Irin wadda ake ɗaure karaya da ita ce: ta riƙe ƙashi har ya haɗe, sannan ta narke a jiki sannu a hankali, ba sai an sake yanka mutum an ciro ta ba. Duk Litinin nakan ciro guda, in sa a inji ya danne ta har ta ce ƙas, in rubuta nauyin da ta ɗauka.

Shekara uku ina wannan, na san halinsu fiye da na 'yan gidanmu. Ta sati bakwai ita ce munafukar. In ka kalle ta lafiya lau take, sai ɗan fari-fari a jiki. Amma kusan rabin ƙarfinta ya tafi, kamar azarar da gara ta cinye ta ciki.

Da yayana, mai gyaran wayar wuta, ya faɗo daga tsani ya karya idon sawu, likitan ƙashi ya ba shi zaɓi: ƙarfe na dindindin ko mai narkewa. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Yaya, karɓi mai narkewar, yanka ɗaya ka huta." Ya karɓa. Inna ta bi maƙwabta tana faɗin ƙusar Auta ce a ƙafar ɗanta, sai ka ce ni na ƙera ta. Likitan ya gindaya sharaɗi: sati goma sha biyu babu tsani, babu ɗaukar nauyi.

A sati na bakwai kamfanin da yake wa aiki ya aiko a duba shi. Likitansu, wanda duk rayuwarsa ƙarfe ya sani, ya ɗaga hoton ƙashin a taga, ya ga ƙusa zaune daram, ya sa hannu wai ya warke.

"Shugaban aikinmu ya ce in ban koma Litinin ba, wani zai hau tsanina," in ji Yaya da ya dawo gida.

"Yaya, hoto siffa yake nunawa, ba ƙarfi ba. Ƙashin bai gama haɗewa ba, ƙusar kuma ta fara saki. Yanzu ne mafi hatsari."

Washegari na zo masa da ta sati bakwai a ƙunshe cikin hankici. Ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya yi dariya. "Me ya same ta? Ai garau take."

Inna ta harare ni. "Ba ke kika ce ta fi kowace kyau ba? Yau kuma ta zama banza? Ki bar shi ya nemi abincin iyalinsa."

Na tafi wurin likitan kamfanin da takardun awona. Ko kallonsu bai yi ba.

"Ke likita ce?"

"A'a, mai gwaji ce."

"To je ki yi ta gwajinki."

Na fito ina kukan takaici a bakin titi, mutane na kallona.

Ran Litinin Yaya ya koma aiki. Laraba, a hawa na huɗu na tsani, da nadin waya a kafaɗa, ƙafar ta ce ƙas. Yanka biyu aka sake yi masa. Yanzu faranti ne na ƙarfe a ciki, idon sawun ya sandare, shi da tsani kuma har abada. Kamfani ya rubuto cewa laifin sabuwar ƙusa ne, a gida ma haka aka ɗauka. Har yau ƙusar Auta ake ce mata, muryar faɗin ce kawai ta canza. Sunan likitan da ya sa hannu ko sau ɗaya ban ji an ambata ba.

Jiya na kai wa Yaya abinci. Yana zaune a baranda, ƙafar a kan kujera, sandarsa a jingine. Ya daɗe yana kallona da tausayi, sannan ya dafa hannuna.

"Ki daina damun kanki, Auta. Wallahi na yafe miki. Ai ke ma ba ki sani ba."