Gora Biyu a Ɗakin Gilashi

Abokan aiki suna kiransa Na-Sama, domin shi ke tuƙa dogon injin da ke ɗaga siminti da ƙarafa zuwa saman bene. Ɗakin tuƙin ɗan akurki ne na gilashi, can a ƙololuwa, kuma ba hanyar zuwa sai tsanin ƙarfe. Masu wannan aiki suna da ƙa'ida: wanda ya hau da safe ba ya saukowa sai an tashi. Wasu kan hau da gorar da ba komai a ciki, su rage mara a can. Na-Sama ya ce shi ba zai yi wannan ƙazanta a ɗakin gilashi duniya na kallo ba. Sai ya daina shan ruwa da rana. In baya ya ƙage kuwa, akwai ƙwayar ciwon jiki a aljihun kowa, ana miƙa wa juna kamar alewa.

Bara aka cire masa ƙodar hagu saboda ciwon daji. Da ɗinki ya warke, hoto bai nuna sauran ciwo ba, sai ya ɗauka an yi an gama. Ya koma sama, ya koma halinsa.

Matarsa ce ta ja shi asibiti ranar gwaji, yana ta mitar cewa lafiyarsa ƙalau. Likitar, wata mace mai ƙaramar murya, ta duba sakamakon jini da na fitsari, ta auna hawan jininsa, ta sake aunawa. Dajin bai dawo ba, in ji ta. Amma ƙodar dama, wadda ke aikin biyu ita kaɗai, ta fara gajiya. Ta tambayi ruwan da yake sha a wuni da magungunan da yake haɗiya. Ya faɗa mata gaskiya, har da ɗan alfahari, ya ƙara da cewa ba inda ke masa ciwo.

"Ƙoda ba ta kuka da wuri," in ji likitar. "Ranar da ka ji ta, an makara. Kuma ba ka da wata a ajiye."

Ta ce ya bar ƙwayar nan kwata-kwata, ya rage gishiri, ya sha ruwa yadda ya kamata, ya riƙa zuwa gwaji. Hanyar fita ta bi da su ta ƙofar ɗakin wankin ƙoda. Ya hango mutane a kishingiɗe, jininsu na zagaya cikin na'ura. Ɗaya daga cikinsu bai kai shi shekaru ba.

Washegari matar ta cusa masa gorar ruwa a jaka. Ya ce nauyi za ta ƙara masa a tsani.

"Baban yara, ƙarfen gini bai karya ka ba, sai gorar ruwa?"

Ya hau da ita, ya sha. Kafin rana ta take, mara ta cika. Ya daure har ya kasa, ya kashe injin, ya sauko. Aiki ya tsaya cik. Magina suka ajiye cokulansu na gini suna yi masa barka da sauka, wani ya tambaya ko yau sama ce ta kore shi. Shugaban aiki bai yi dariya ba. Ya ja shi gefe, ya ce ya san abin da ya same shi, amma kwaɓaɓɓen siminti ba ya jiran kowa. In sauka za ta zame masa jiki, akwai masu son kujerar.

A gida ya zauna a bakin gado, bayansa na sara, bai nemi ƙwaya ba. Ya daɗe yana shafa tabon ɗinkin. Can ya tambayi matar ko tana da tsohon zanen da ba ta so. Ba ta tambayi dalili ba, ta buɗe akwati.

Da safe ya tsaya a gindin tsani da gora biyu a jaka, ɗaya cike, ɗaya ba komai. Wani magini ya hango, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya dubi fuskarsa ya fasa.

Na-Sama ya hau. Ya ɗaura zanen a gilashin da ke fuskantar titi, ya kurɓi ruwa, ya ta da injin.