Tambayoyin da Amarya Ta Tanadar wa Kaka

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mai daɗi ko mai ɗaci.

To ku gyara zama, wannan kam mai ɗaci ce.

Akwai wata yarinya 'yar ajin ƙarshe a sakandare, kakanta na kiran ta Amarya, har sunan ya bi ta makaranta. Wata rana malamarsu ta Turanci ta ba su aikin rubutun bincike. Ta ce kowa ya zaɓi batu guda, ya yi masa tambaya guda, ya nemo amsa, kuma duk maganar da ya rubuta sai ya nuna inda ya samo ta. Ta jera musu yadda ake yi a allo: a fara da littattafai, a tsara shaci, sannan in akwai wanda ya ga abin da idonsa a je a yi hira da shi. Ta ce kada wanda ya je wa dattijo hannu rabbana yana ɓata masa lokaci da tambayar da littafi ya riga ya amsa. Kuma gaskiya ta faɗa, ban ga laifinta ba.

Amarya ba ta sha wahalar zaɓe ba. Tsohuwar masaƙar da aka rufe a bayan unguwarsu ta ɗauka, don a can Kaka ya ƙare ƙuruciyarsa gaban injin saƙa, a can kuma ya baro rabin jinsa. Tambayarta ita ce: yaya ma'aikata suka rayu cikin wannan ƙara?

Da Kaka ya ji shi za a saka a takardar makaranta, da Turanci ma, ai sai baki har kunne. Ya sa aka wanke masa hularsa ta fita. Kullum da la'asar yakan zauna a kujerarsa ta bakin taga, ya jawo wata kusa da shi, wai ta 'yar jarida ce. In ta shigo da jaka sai ya ce, "Amarya, yau ne ranar tawa?" Ita kuma ta ce, "Tsohon nan ka cika gaggawa. Ban gama littattafai ba, kai ne na ƙarshe." Ya ce shi ke nan, miji ya zama na ƙarshe, zamani ya lalace.

Yarinyar nan akwai ta da bin ƙa'ida, har ta wuce gona da iri. Ta tare a laburare. Ta rubuta sunan kowane marubuci da shafinsa a ƙananan katuna, ta ɗaure su da roba. Tambayoyin Kaka kuwa ta rubuta, ta soke, ta sake rubutawa, don so take ta je masa da abin da zai ce lallai jikarsa ta yi karatu. In ya fara ba ta labari a kan abinci sai ta toshe kunne tana dariya, ta ce ya adana, kada ya zubar tun ba ta shirya rubutawa ba. Shi kuwa sai ya adana.

Ranar da ta gama shiri ta taho da takardarta a hannu, sai ta tarar da takalma birjik a ƙofar ɗaki. Mamanta ta tare ta a tsakar gida, ta ce Kaka ya faɗi da hantsi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin ma ya tafi.

Bayan an dawo da shi daga asibiti, Amarya ta kasa shiga ɗakin. Takan tsaya a bakin labule, ta hango kujerun nan biyu, ta juya. Sai ranar da wani tsohon abokin aikinsa ya zo dubiya, shi ya leƙo ya ce mata mutumin fa ita yake nema.

Ta shiga. Kaka ya ɗaga hannun hagu, ya taɓa kunnensa, ya buɗe tafi wajenta. Abokin ya ce a masaƙa ba a jin muryar kowa, da hannu suke hira, har tsegumi da zagin shugaba duk da hannu ne. Ya ce, "Wannan cewa yake, ina jin ki, faɗi."

Ta zauna a kujerar 'yar jarida. Ta karanto tambaya ta farko. Kaka ya motsa yatsu, abokin ya fassara abin da ya gane. Amma yawancin alamun nan da hannu biyu ake yin su, ɗayan kuwa yana kwance a kan bargo. Sau da yawa abokin yakan ƙura ido, ya girgiza kai ya ce rabi ne, bai san sauran ba. Kaka ya yi ta maimaitawa har gumi ya keto masa, hawaye na gangarowa ta gefe guda. Ba su ci rabin takardar ba Amarya ta ninke ta, ta riƙe hannun nan mai motsi. Ta ce, "Ya isa, angona. Na samu."

Ba ta samu ba, kuma duka su ukun sun sani.

Ta rubuta aikin da ɗan abin da ta tsira da shi. Ta tambayi malama yadda ake saka hirar da aka yi da hannu a jerin madogara. Malama ta ce ta rubuta sunansa da ranar, kamar kowace hira.

Rubutun ya ci maki mai kyau. Kaka bai kai ranar da aka raba takardun ba. Abokinsa yana nan, sai dai ba shi da sauran wanda zai yi wa magana da hannu. Malama ta sauya jerin da take rubutawa a allo, yanzu hira da tsofaffi ce a sama. Amarya kuwa ta gama makaranta, ta girma, ba ta ƙara yarda kowa ya kira ta da wannan suna ba.