Ruwan Wankan Alhaji Sammani

"Inna, Baba ne ke kiranki," in ji Awalu, ɗan maƙwabcinta, yana tsaye a bakin zanar gidanta, ya rasa inda zai sa idonsa.

Tambaya ba ta ɗago ba. Tana zaune kan 'yar kujera tana ɓarar gyaɗa, ta ci gaba da abinta kamar da kaji yake magana. Sai da ta gama wadda ke hannunta, ta hure ɓawon, sannan ta ce, "Ashe har yanzu ya san sunana."

"Jikin ya yi tsanani, Inna. Likitan Djougou ya ce a dawo da shi gida."

Ta san ma'anar wannan. Ta miƙe, ta gyara kallabinta, ta bi shi. Ba tausayi ne ya tashe ta ba, kada ma wani ya yi mata wannan shaidar. Shekaru ta yi tana jiran ranar da Alhaji Sammani zai aiko a kira ta, kuma ta riga ta tanadi abin da za ta ce masa.

Gidajen nan biyu su ne na ƙarshe a Kolokondé, can gefen gonakin doya, zana ɗaya ta raba su. Dogo, mijin Tambaya, mahauci mai bin kasuwannin shanu, shi ya fara zama a wurin, shi ya haƙa rijiya a tsakar gidansa da hannunsa. Ruwanta garai-garai, ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Sammani daga baya ya zo, Dogo ne ma ya nuna masa filin, kuma bai taɓa wahalar da kansa da haƙa tasa rijiyar ba tunda ga ta maƙwabci.

Sai aka shiga shekarun da aka sauya wa ƙasa suna daga Dahomey zuwa Benin, mai ya yi arha a Najeriya. Sammani ya sayi babbar mota da injin niƙa, ya riƙa shigo da gazuwal, man da su biyun ke sha, ta hanyoyin daji inda 'yan duwan, masu tsaron kan iyaka, ba sa kaiwa. Da durorin man suka yi yawa har ido ya fara kaiwa kansu, ya samo wani tsohon tankin ƙarfe a Parakou, ya sa aka binne shi a bayan gidansa, ya gina rumbun dawa a kai don kada jandarma su gane. Tsakanin tankin da rijiyar Dogo bai fi jifan ƙaramin yaro ba.

Ba a daɗe ba ruwan ya fara wari. Wani maiƙo mai launi-launi ya riƙa yawo a kan guga, kunu ya ɗauki ɗanɗanon inji, tumatirin Tambaya ya ƙone a tsaye. Dogo ya kai ƙara wurin delege, wakilin hukuma a ƙauyen. Sammani ya zo cikin babbar riga, ya sa aka jawo ruwa, ya kafa kai a ƙwarya ya shanye a gaban dattawa, ya goge baki ya ce, "Ruwa lafiya lau. Tankina ba ya yoyo." Dattawan kuwa, duk a injinsa matansu ke niƙa, duk a motarsa suke zuwa kasuwar Djougou. Ranar hancin kowa ya toshe. Aka ce wa Dogo ya daina hassada.

Dogo ya ce to shi zai yashe rijiyarsa, ko ruwan ya dawo. Tsufa ya riga ya fara kama shi, amma ya shiga, ya fito, ya sake shiga. A shigar ƙarshe warin ya juya masa kai, hannunsa ya saki igiya. Aka fito da shi da karyayyen ƙugu, bai ƙara takawa ba har Allah ya karɓi abinsa. Sammani ya aiko da buhun shinkafa na ta'aziyya, Tambaya ta sa aka mayar masa. Ta rufe rijiyar da tsohon kwano, ta koma ɗibar ruwa a rafi mai nisa. Kuma da idonta ta riƙa ganin motar Alhaji na sauke masa ruwan sha daga Djougou cikin sababbin durori, shi da ya rantse ruwan rijiya lafiya lau.

Yanzu ga shi kwance kan gadon ƙarfe, cikinsa ya kumbura, wuyansa ya zama tsinke. Matarsa Zinatu na yi masa fifita. Rediyonsa na kan tebur an lulluɓe shi da ƙyalle.

"Tambaya," ya ce da ƙyar.

"Na'am, Alhaji."

"Mun daɗe tare. Duk abin da na yi miki, da sani da rashin sani, ki yafe mini."

"Wane abu?"

Mafici ya tsaya a hannun Zinatu. Ba a saba tambayar mai jinya haka ba. Cewa ake an yafe, a share ido, a fita.

"Duk abin da..."

"A'a, Alhaji. Ni ban iya yafe abin da ba shi da suna ba. Faɗe shi. Ga ɗanka, ga matarka, babu baƙo."

Sammani ya juya ido ya dubi Awalu, ɗansa ɗaya tilo, direba a unguwar Banikanni ta Parakou, wanda in uban ya ce rana daga yamma take fitowa zai yarda. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya rufe ido ya ce, "Tankina ba ya yoyo."

"To ai ba ka yi mini kome ba ke nan," in ji Tambaya. "Allah ya ba ka lafiya." Ta sa takalmanta ta fita.

Washegari da hantsi ta jiyo kukan Zinatu ta kan zana. Ta yi salati, domin ita Musulma ce, ta ci gaba da shararta. A ranta kuwa takaici ne fal: mutumin nan ya tsere mata da maganar a bakinsa.

Bazara ce, rana na cizo tun da safe. Motar Alhaji na gareji a Parakou, an sauke mata inji tun kwanciyarsa. 'Yan dubiya sun shanye ragowar ruwan Djougou, sun yi alwala da saura. Rijiyar tsakiyar gari kuwa mata sun kwashe ta tun asuba, ba abin da ya rage sai laka. Ga gawa mai kumburin ciki, ba ta jiran kowa.

Awalu ya shigo da bokitai biyu, idonsa ja. "Inna, a taimake mu da ruwan rijiya, za a yi wa Baba wanka."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. In ya zo gida ruwa mai kyau yake sha, bai taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Tambaya ta ji wani daɗi ya ratsa ta har cikin ƙashi.

"Ai dole, maƙwabci ne. Kawo, ni zan jawo da kaina."

Ta janye dutse, ta ɗage kwanon. Gugan ya bushe ya ƙandare, amma ya yi aikin. Ta cika bokitan, ta ɗora ɗaya a kanta, kuma ba ta bi ta ƙofar baya ba yadda mata ke yi. Ta ƙofar gida ta bi, inda maza ke zaune ƙarƙashin mangwaro, ta sauke shi a gaban Malam Abdulƙudus, limamin da bai zo garin ba sai bayan waccan shari'ar.

Malam ya tsoma yatsu, ya kai hanci, ya yi saurin janyewa. "Wannan ba a tsarki da shi. Warinsa ya jirkita, ga mai nan a kansa."

"Sake shinshinawa, Malam," in ji Tambaya. "Mai gawar da kansa ya sha shi a gaban dattawa, ya ce lafiya lau. Ga delege nan, ga su nan duka, su suka shaida. A miƙa wa delege bokitin, ko yau hancinsa ya buɗe."

Delege ya tsura wa takalmansa ido. Babu wanda ya taɓa bokitin.

Malam ya dubi rana, ya dubi Awalu. "In babu ruwa, shari'a ta yarda a yi masa taimama da ƙasa."

Awalu ya dafa bishiya. Alhaji Sammani mai mota, mai inji, wanda ya je Makka ya dawo, a shafa masa ƙasa a rufe shi kamar wanda ya mutu a tsakiyar daji. Wani daga baya ya yi ƙasa da murya ya ce ai Tambaya na da ruwa. Kowa ya san haka. Tun rasuwar mijinta ta yi rantsuwa ba za ta roƙi kowa ruwa a garin nan ba, don haka manyan randunanta kullum a cike suke.

Awalu ya durƙusa a gabanta. "Inna, don Allah."

"Ruwan nan a wuyana na ɗauko shi, Awalu. Ramin yashi nake tonawa a rafi, in zauna in jira ya tsatso ƙwarya-ƙwarya. Zan ba ka. Amma ga masu haƙa kabari can, na ga sun saɓa diga. Kafin su wuce, su biyo ta bayan gidanku su sara mini ƙasa a gindin rumbu."

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah," in ji Malam. "Gawa ke jira."

"Na ji, Malam. Nawa mijin ma ya jira. Wata da watanni yana kwance yana jiran mutum ɗaya ya shigo ya ce masa ba ƙarya ya yi ba."

Awalu ya miƙe, fuskarsa ta sauya. Ya karɓi diga daga hannun wani. "Baba ya ce ba ya yoyo. Da numfashinsa na ƙarshe ya faɗa. Ni zan haƙa, ki gani da idonki."

Maza suka bi shi bayan gidan Alhaji, Tambaya na biye. Ya sara, ƙasa ja ta tashi. Ya sara da fushi, gumi na zuba. Ramin bai kai gwiwa ba ƙasar ta fara sauya launi, ta koma baƙa, jiƙaƙƙiya, a tsakiyar bazarar da ko ciyawa ba ta da danshi. Wari ya taso, dattawa suka ja baya suna toshe hanci da hannun riga. Awalu bai tsaya ba sai da diga ta bugi ƙarfe. Gefen tankin ya ci tsatsa, mai na tsattsafowa daga jikinsa a hankali. Ya sunkuya ya damƙo ƙasar, ya matse, baƙin mai ya biyo tsakanin yatsunsa har zuwa gwiwar hannu.

"Yana yoyo," ya ce, da ƙyar aka ji shi.

"Ba daga bakinka nake so ba, ɗana, kai ba ka nan." Ta juya. "Delege?"

Delege ya dubi ramin. "Yana yoyo, Tambaya. Dogo ya yi gaskiya."

Ta bi sauran da ido ɗaya bayan ɗaya, sai da kowa ya gyaɗa kai. Ta ji daɗi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai daɗin bai kai yadda ta daɗe tana aunawa ba, domin wanda ya kamata ya faɗa da wanda ya kamata ya ji duk ba sa wurin.

Ta koma gida ta buɗe randunan. Ƙwaryar farko a hannun Awalu ta ƙare, ta biyu ma haka, don man ya ƙi fita, shi kuwa ba zai taɓa gawar ubansa da wannan hannu ba. Ya yi ta cuɗawa da sabulu da toka yana kuka marar sauti, ita tana zuba masa. Daga nan aka riƙa kwasa ana kaiwa, na wanka, na alwalar masu salla, na shan baƙin da suka taso daga Djougou. Ba ta hana ko ɗigo ba. Ba a yi azahar ba randunan suka koma fayau.

Malam Abdulƙudus ya tsaya a bakin zana ya yi sallama. "Ruwa kin bayar, Allah ya saka miki. Saura abu ɗaya. An ce jiya ya roƙe ki gafara."

"Jiya cewa ya yi bai yi kome ba, Malam. Ruwa kuka roƙa, na ba ku. Wancan kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai. Maigidana ya riga shi can. In ya isa, su yi ta tsakaninsu."

Malam ya juya ya tafi.

Ta jiyo kabbarorin salla daga tsakar gidanta, sannan ƙarar takalma. Maƙogwaronta ya bushe. Ta leƙa babbar randa, ta leƙa ƙaramar, babu abin da zai jiƙa harshe. Ta naɗa gammo, ta ɗauki tulu.

Hanyar rafi ita ce hanyar maƙabarta. Da ta fito sai ta hango su a gaba, makara na tafiya a kan kafaɗu, Awalu a sahun farko. Ba ta so gobe wani ya ce Tambaya ta raka Alhaji Sammani, don haka ta ratse ta tsaya ƙarƙashin wata kaɗanya, tulun ba kome a kanta, hannu ɗaya na riƙe da bakinsa. Tana nan tsaye har na ƙarshensu ya karya kwana ya shige cikin itatuwa, hanya ta zama wayam. Sannan ta gyara zaman tulun, ta ci gaba da tafiya.