Filasta a Gwiwar Dama

Saura minti arba'in a kira Auta kan katifar kokawa, yayarsa kuwa ta zagaya ɗakin canja kaya ya fi sau goma, naɗin filasta a hannu, tana ɓamɓare bakinsa tana mayarwa. Likitar gashin ƙashi ce, shekara tara tana ɗaure gaɓoɓin mutane a asibiti, amma ba ta taɓa gamuwa da majinyaci mai taurin kan ƙanen nan nata ba. Kwana goma sha biyu ke nan da ya gurɗe gwiwar hagu wajen atisaye. Ita da kanta ta duba, ta ji jijiyar gefen ciki ta saki, ta ce sati shida ba kokawa. Ya ce to. Yau ga shi zaune kan benci da gajeren wando, wai shi ne zai yi wasan ƙarshe.

Abin tallafe gwiwa mai ƙarfe a gefe da ta kawo masa ma, dokar wasa ta hana shiga da shi. Sai dai filasta.

"Miƙo ƙafar," ta ce.

Ya miƙo ta dama.

"Auta, ba na son shashanci. Ta hagu."

"Wannan za ki ɗaure, Yaya."

Ta tsaya tana kallonsa, shi kuwa ko a jikinsa. Wai abokin karawarsa, wanda ake ce wa Ƙugiya saboda iya kamun ƙafa, ya ji labarin ciwon amma bai san wace gwiwa ba ce. Inda duk ya ga farar filasta, nan zai kai hari. To a ba shi mai lafiyar ya yi ta fama da ita.

"Sai in ɗaure duka biyun."

"Sai ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kamu ɗaya zai yi wa ta hagun, ya ji na noƙe."

Kocinsa, wani tsohon ɗan kokawa mai murɗaɗɗen kunne, ya taso daga bakin ƙofa yana jan ƙafa. "Likita, tsohuwar dabara ce. Mu ma mun yi a zamaninmu."

"Na ga alama," ta ce, idonta kan ƙafarsa.

Koci ya yi tari, ya koma inda ya fito.

Ta yi bayani, ta yi faɗa, ta yi lallashi. Filasta ba ado ba ce, ita za ta hana gwiwar karkatawa ciki idan nauyi ya hau kanta. In jijiyar nan ta ƙarasa tsinkewa, maganar sati shida ta wuce, sai ɗakin tiyata, wataƙila kokawar ke nan har abada. Daga zauren ana jin usur da ihun 'yan kallo. Ta zauna, ta miƙe, ta buɗe jaka ba ta san abin da take nema ba.

"In ba za ki yi ba, Koci zai naɗa min," in ji Auta. "Amma nasa kamar ɗaurin buhu yake, Ƙugiya kuma ba wawa ba ne. Ya san ɗaurin gaske. Naki kaɗai zai yarda da shi, Yaya."

Kai, ɗan banzan yaron nan ya san inda zai taɓa ta. Tsoro take ji ƙwarai, amma abin kunya, maganar ta yi mata daɗi. Ta yi tsaki ta durƙusa.

Ta aske gashin gwiwar dama da reza, ta goge fatar ta bushe. Ta sa shi ya ɗora dunduniya kan naɗin bandeji don gwiwar ta ɗan lanƙwashe. Zobe ɗaya a cinya, ɗaya a ƙwauri, sannan ta gicciya tsiri uku a gefen ciki, tana ja tana shafewa da tafin hannu, ta rufe su da wasu zobban. Ko tattara ɗaya babu. Wallahi ko a asibiti ba ta taɓa yin ɗauri mai kyan wannan ba. Da ta gama, hannunta ya kai kan ta hagu, ta ji ɗumin kumburin. Auta ya janye ƙafarsa, aka kira sunansa.

Kujerar da aka ba ta a gefen katifa ko kallonta ba ta yi ba. Usur na tashi Ƙugiya ya dubi farar filasta ya nutsa kanta. Ya kama, ya murɗa, ƙafar ko gezau. Ya sake komawa, haka. Koci har da tsalle da ƙafarsa guda, yana cewa, "Ya faɗa tarkon! Ya faɗa!" Ita kuwa ta hagun take kallo, tsirara, tana ɗauke da nauyin mutum biyu duk sanda aka ɗaga ta dama.

A karo na uku Auta ya kama ƙugun Ƙugiya, ya dasa ƙafar hagu, ya ɗaga shi sama ya maka da katifa. Zaure ya ɗauka da ihu. Babu wanda ya ga abin da ta gani: gwiwar ta karkata ciki, ta wuce inda gwiwa take tsayawa. Alƙalin wasa ya kama hannun Auta zai ɗaga, Auta kuwa yana zube a ƙasa, bai taso ba.

Masu agajin gaggawa biyu suka rugo da jakar ƙanƙara. Kafin ta ratsa mutane ta iso, sun rufu kan gwiwar dama, ɗaya ya ɗora ƙanƙara, ɗaya ya zaro almakashi yana yanka filastar.

"Ba ita ba ce!" ta ƙwala musu. "Ɗayar ce, ta hagu!"

Babban cikinsu ya taɓa ta hagun, Auta ya saki ƙara. Mutumin ya dubi gwiwar da ke kumbura a hannunsa, ya dubi ɗaurin da ke ɗaya ƙafar, ransa ya ɓaci.

"Wane marar imani ne ya ɗaure mai lafiya ya bar wannan haka?"

Auta ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ni ce," ta ce. "Yayarsa ce ni. Riƙe min ƙafar, kada ka bari ta motsa."